Kujerar Gaba

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya nauyi, ya kwanciyar dole? Ki gaida maigidanki Injiniya, ki ce masa na ji labarin ya koyi dafa ruwan zafi. Allah ya ƙara basira.

Na rubuto ne maimakon in kira, don kin san kunnen Mama. Shekarun da ta yi tana koyarwa sun bar mata kunnen da ke jin raɗa daga ƙarshen aji, gidan nan kuwa bai kai aji girma ba.

Ga inda muke. Likitanki ya hana ki tafiya har ki sauka, ke kuma kina son Mama kusa da ke a haihuwar fari. Ita ma tana so. Ta haɗa jaka tuni, tana nan a bakin gado. Mota ce kawai ta rage. Kin san tun hatsarin da ya ɗauke mana Baba ba ta sake shiga mota ba, amma ba ki ga yadda abin ya koma ba. Shekaranjiya na buɗe mata ƙofar motata. Ta sa ƙafa ɗaya, sai numfashi ya ƙwace mata, gumi ya keto. Ta ce in jira, kamar ba ta kashe gas ba. Ta shiga gida, shiru. Da na bi ta, na same ta zaune tana kankare gefen babban yatsanta da farce, jini na fita, ba ta ma sani ba. Yatsan nan ya daina warkewa. Filasta muke saye yanzu kamar sukari.

An duba zuciyarta a asibiti, lafiya lau. Likita ya ce fargaba ce, ya tura mu wurin wata masaniyar halayyar ɗan'adam mai aiki da abin da ake kira hipnosis. Na san me za ki ce, don ni na riga ki faɗa. Mutumin talabijin na tuna, mai kaɗa agogo a idon mutane yana sa su kukan kaza. Amma da yake abincina ke nan, koya wa ɗaliban jami'a su daina yarda da abin da ba a gwada ba, sai na zauna na karanta. Na so in same shi ƙarya tsagwaronta, abin haushi ban samu ba. Yana taimaka wa wasu a kan fargaba da ɗabi'un da suka ƙi barin mutum, ko da yake ba kowa ba.

Jibi za mu je, da ƙafa, ofishin ba nisa. Na ma shirya Mama. Na karanta cewa za a ce ta kawo wani wuri mai kwantar da hankali a ranta, sai na ce ta ce bakin teku, shi kowa ke cewa. Ba na son ta je tana inda-inda.

Ki kwanta kamar yadda aka ce. Allah ya raba lafiya.

Yayarki

*

Yayata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai dai ƙafafuna sun zama kamar na aro, kuma na haddace duk tsagar da ke silin ɗin ɗakin nan. Injiniya na amsawa, ya ce ki daina ɓata masa suna, har shayi yake haɗawa yanzu.

Yaya, gabana ya faɗi da na karanta. Ba za a taɓa mata hankali ba? Ba wani abu ba ne da addini ya hana? Ina tsoron a kwantar da ita a sa ta faɗi abin da ba ta yi niyya ba. In ma hakan ta faru, ki tambayar mini ita wa ta fi so tsakaninmu, ko da yake na san amsar, ke ma kin sani.

Surukata ta ce za ta zo ta zauna da ni. Mutuniyar kirki ce, ban da abin cewa. Amma jiya da nas ta tambaye ni wa zai shiga ɗakin haihuwa da ni, sai kawai na fashe da kuka a gaban mutane. Mamata nake so. Idan abin zai wahalar da ita ku bari, zan haƙura.

Ƙarya nake yi, ba zan haƙura ba, amma dai ku bari.

Af, Mama ta taɓa ganin teku kuwa?

Ki shafa mini kanta, in ta yarda. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Autarku

*

Auta,

Sallama da gaisuwa, da fatan silin na nan lafiya.

Mun je. Ofishin a saman wani kemis yake: ɗaki ɗaya, labule mai kauri, kujera mai wurin miƙe ƙafa, kwalin tishu. Na duba ko'ina ban ga agogon kaɗawa ba. Matar 'yar ƙarama ce mai tabarau da takalmi maras tsini, irin wadda za ki wuce a layin banki ba ki waiwaya ba. Ta ce ita ba likitar allura ba ce, amma Mama ta riga ta sa mata Likita, magana ta ƙare.

Mama ta titsiye ta kamar sufeton makaranta, tambayoyinki duka ta yi, har da ƙari. Likita ba ta gaji ba. Ta ce ba barci ba ne, ba suma ba ce. Ta tambayi Mama ko ta taɓa nutsewa cikin gyaran takardun jarabawa har a kira ta ba ta ji ba. Mama ta ce sau nawa. Ta ce to irin wannan nutsuwar ce, sai dai da gangan ake shiga. Za ta ji kowace kalma, ta buɗe ido lokacin da ta ga dama, kuma ba mai iya sa mata abin da ranta bai karɓa ba. Amfanin shi ne, idan jiki ya saki, hankali ya tattaru wuri ɗaya, zuciya ta fi sauraron sabuwar magana fiye da lokacin da tsoro ke tsaye a bakin ƙofa yana gadi. Mama ta ce za ta iya yin zikirinta a ciki? Ta ce ta yi, ta ja numfashi da shi.

Da izinin Mama na zauna a lungu. Likita ta sassauta murya, ta sa ta kallon wani ɗigo a bango, ta bi da ita numfashi, kafaɗa, hannuwa, har idon ya rufe da kansa. Sannan ta ce ta je wurin da ranta ya fi kwanciya, ta faɗi inda take.

"Bakin teku," in ji Mama, kamar ɗaliba mai hadda.

Me take gani? Ruwa. Wane launi?

"Shuɗi. Da sunan kamfanin inshora a ƙasa."

Kalandar kicin ɗinmu ce, Auta. Amsar tambayarki ke nan.

Abin da ya burge ni, Likita ba bakin Mama take kallo ba, yatsan take kallo, farce na ta aiki a kai. Ta dawo da ita a hankali, ta tambayi wa ya zaɓi tekun. Mama ta nuna ni da haɓa. Likita ba ta yi dariya ba, ta dai roƙe ni, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, in jira a waje. Na zauna a benci da digirorina ina kallon masu sayen maganin tari.

Da Mama ta fito, hannunta a sake yake. Sai da muka yi nisa a hanya ta ce wurin nata motar Baba ce. Kujerar gaba, an faka a ƙofar gida da yamma, an kashe inji yana 'yar ƙara yana hucewa, ƙamshin turarensa a jikin kujera, hannunsa a kan sitiyari. Ta ce ta ji kunyar faɗa, don ta ɗauka za a ce ta zaɓi ainihin abin da take gudu. Ga abin da Likita ta ce mata: "Motar da kike tsoro ta rana ɗaya ce. Wadda kike so ta shekaru ce. Da wadda ta fi daɗewa za mu yi aiki."

Da ni ce, da na gyara mata amsar. Ina jin shi ya sa ba ni aka ba kujerar Likita ba.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta, na yi dariya har cikina ya amsa, sannan na yi kuka, Injiniya ya rasa wanne zai lallasa.

Na tuna zaman nan nasu. Baba ya ɗauko ta daga makaranta, su iso ƙofar gida su ƙi fitowa, mu kuma mu hau kujera muna leƙe ta taga. Ke ce kika ce mini laifuffukanmu suke lissafawa, na yarda, har nakan gyara ɗaki kafin su shigo. Ki tambaye ta me suke cewa.

Wani abu ya tsaya mini a rai. Mu muka yi saurin rabuwa da abin da ya rage na motar, muka cire hotonta daga falo, muka hana baƙi ambatonta. Mun ɗauka tausayi ne. Ashe har da wurin hutunta muka kwashe.

Ina jiran labari. Cikin ya sauko sosai, nas ta ce in shirya.

Autarku

*

Auta,

Assalamu alaikum, ya ƙarfin jiki?

Na tambaye ta. Ta ce ba sa cewa komai. "Hutawa muke yi daga ku," in ji ta, ko kunya babu. Sai ki daina gyara ɗaki.

Aikin na tafiya, kuma ba wani abin al'ajabi a ciki sai naci. Likita ta naɗa mata muryarta a waya, kullum bayan la'asar Mama na rufe ƙofa ta saurara. Ta koya mata cewa da zarar farce ya nufi yatsa, ta haɗa yatsun biyu ta matsa a hankali, ta saki dogon numfashi, ta koma kujerar gaba a ranta. Ba ta ce mata ki daina ba, hannun ta ba wani aiki. Kuma a cikin nutsuwar suna yin tafiyar tun kafin a yi ta: buɗe ƙofa, zama, ɗaura bel, tada inji. Duk inda gaban Mama ya faɗi sai su koma ƙofar gida, inji a kashe, har ya lafa, sannan su ci gaba.

Daga nan muka koma motata ta gaske. Da farko a fake, ƙofa a buɗe, maƙwabciya na tambaya ko lalacewa ta yi. Sannan ƙofa a rufe. Sannan muka zaga layi. Ranar da muka kai kasuwa, Mama ta ce ina taka birki kamar mai jin haushinsa, na san sauƙi ya fara samuwa.

Amma ba zan ɓoye miki ba. Ranar Litinin wata babbar mota ta danna mana hon a shataletale. Mama ta ce in tsaya, ta sauka ta koma gida da ƙafa, da yamma yatsan ya sake jini. Na kira Likita a fusace, a shirye nake in ji ta kare kanta. Ba ta kare ba. Ta ce koma baya na cikin aikin, kuma ba za ta yi mini alkawarin Mama za ta shirya kafin ki haihu ba, don jikin Mama ne ba nata ba. Ta dai ce in lura, wannan karon Mama ba ta laɓe da gas ba, ta ce tsoro take ji, ta nemi a tsaya. Na daɗe ban ga mai sana'ar da ta san iyakar sana'arta haka ba, a jami'a kuwa ba ma sai an faɗa ba.

Washegari na fito na same ta a kujerar gaba, ido a rufe, tana jirana.

Jarabawar ɗalibai ta kama ni. Da zarar na gama zan gwada kawo ta da kaina, mu riƙa tsayawa a hanya. Ki ce wa wanda ke ciki ya yi haƙuri ya jira, in yana jin magana. In ya biyo ki, ba zai ji ba.

Yayarki

*

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kin gama da ɗalibanki lafiya.

Na san kin ji a waya, amma ina so ki ji daga hannuna. Da mijin Auta ya kira ya ce naƙuda ta tashi, kina ɗakin jarabawa, wayarki a kashe. Na kira kawunku ya zo da motarsa. Ya buɗe mini baya, na ce gaba zan zauna.

A wurin da kika sani, inda hatsarin ya faru, na ce ya faka ya kashe inji. Na haɗa yatsuna, na saurari injin yana hucewa. Kawunku ya jira ni, Allah ya yi masa albarka. Da na gama zamana da babanku, na ce mu je.

Na iso tana ciki, aka bar ni na shiga, hannuna ta riƙe. Ta sauka lafiya, mace ce, tana da goshin babanku. Na cire filasta kafin in ɗauke ta, ba ta da sauran aiki.

Ki kai wa Likita gaisuwata, ki ce na iso.

Idan kin zo, kada ki yi saurin shigowa. Ki yi hon, zan fito mu ɗan zauna a mota. Gidan nan ya fara hayaniya.

Allah ya yi miki albarka.

Mamanku