Ɗan Maƙwabta

Gadarif, farkon Oktoba 1983

Yaya Sharu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Hawwa da yara. Bayan haka, saƙonka ya iso cewa in ɗora ɗanka Haladu a lori ya zo yankan riɗi. Ba zan ɗora shi ba. Ƙarshen watan nan za a yi wasan da za a zaɓi yaro ɗaya a kai shi Khartum, karatu da horo duka. Tun yana ƙarami nake koya masa tanis a nadi, wato kulob ɗin ma'aikata, kuma duk Gadarif babu mai bugu irin nasa.

Amma tun wasan Juma'a ya lalace mini. Yana gaba, saura ƙiris ya gama da abokin karawarsa, sai hannunsa ya mutu, ya dinga zuba ƙwallo a raga. Na sa shi jan numfashi kafin bugu, na sa shi kallon raket ɗinsa maimakon 'yan kallo, duk a banza. Ciwon ba a hannu yake ba. An ce an gan ka a gari ran nan. Me ya kawo ka, da ko gidana ba ka leƙo ba?

Ƙaninka, Kassim

Ƙala'an Nahal

Kassim,

Wa alaikumus salam. Malam Ɗahiru ke rubuta mini, don haka ka rage rashin kunya, a gaban mutane ake karanta takardarka. Riɗi ya yi ja, in aka ƙara jinkiri zai fashe ya zube ƙasa, kai kuma kana ba ni labarin numfashi. Na ba ka yaron nan don ya yi karatu, ban ba ka shi don ka sa masa guntun wando yana tsalle a gaban matan mutane ba. Kai da ka tsere wa lauje ka tafi tsintar wa effendi, manyan ma'aikatan nan, ƙwallo, yau kai ne mai tuhumata? Na shigo kasuwa sayen buhuna, kalas, shi ke nan. Ka turo shi. In ya zo, ya zo ke nan.

Allah ya shirye ka.
Yayanka, Sharu

Gadarif

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ba a sayar da buhu a bakin shingen nadi. Jiya Haladu ya faɗa mini komai, bayan na ƙwace raket ɗin na zaunar da shi a ƙasa. Ya hango ka a bayan shinge tun farkon wasa, shi ya sa ya yi bugun da ban taɓa gani ba. Da suka zo sauya gefe ya bi ta kusa da kai, daidai lokacin da sakataren nadi ya dafa ka ya ce, "Ya hajj, wannan ɗanka ne? Masha Allah!" Kai kuma ka kau da kai ka ce, "A'a, ɗan maƙwabta ne."

Ni na san kunyar ɗan fari ce. Na yi masa bayani har bakina ya gaji. Amma yaron nan cikin Larabawa ya tashi, yana ganin ubanni na rungumar 'ya'yansu a fili suna kiran sunansu. Ya ce da ni, "Baba Kassim, in na ci ma wa zan ci wa?" Haushinka nake ji, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Abin da na yi shekaru ina ginawa ka rusa shi da baki ɗaya, sannan ka hau lori ka koma gona.

Kassim

Ƙala'an Nahal

Kassim,

Gaisuwa. To, na je. A saman buhuna na zauna cikin lori tun daga nan, rana na dukana, don in ga abin da kake ta cika baki a kai. Me kake so in ce wa mutumin? In daki ƙirji a gaban jama'a in ce nawa ne, baki ya kama shi? Babanmu har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba, "kai wancan" yake ce mini, kuma ban zubar da lauje na zauna kuka ba. Kai ɗan auta ne, a cinya ka girma, ba za ka gane ba. Kai ka mayar da yaron nan baƙo a gidansu, yanzu kana ɗora mini.

Ka faɗa masa da bakinka cewa na ga bugun, ba laifi.

Sharu

Gadarif

Yaya,

Sallama. Na faɗa masa, ya ce Allah ya saka wa maƙwabcinsu da alheri. Ka ce ba ka zubar da lauje ba. Ni na tuna ranar da Baba ya yaba dawar ɗan'uwanmu Mudi a gabanka, ka shige bayan rumbu ka ƙi cin tuwo. Wasa ranar Alhamis ne bayan la'asar, kuma sakataren nan yana wurin. Ko ka zo ka gyara abin da ka faɗa, ko Juma'a in ɗora maka shi a lori. Zai yanka maka riɗi, amma kada ka sa ran zai ɗaga kai ya dube ka.

Kassim

Ƙala'an Nahal

Kassim,

Sallama. Har yanzu ba ka da kunya, kuma riɗin da zai zube a wuyanka yake. Zan shigo da lorin Alhamis. Kada ka tarye ni, ba wurinka zan zo ba.

Malam Ɗahiru ya ce ba zai ƙara rubuta "yaron nan" ba sai na faɗi wane yaro. Na sa an fitar da mutane daga zaure tukuna.

Ka ce wa Haladu ubansa na tafe.

Wassalam,
Sharu