Tukunyar Bunlert

Zuwa ga ƙanwata Wanphen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da Inna kuna lafiya.

Kwana goma sha biyar na yi wa Inna alkawarin shiga zuhudu a haikalin Buddha don ladan marigayi Baba. Ita ta zaɓi rana, ta saka ni ana jibi zaman damina. Ta san wanda ya shiga zaman nan ba ya fita sai bayan wata uku, in ba yana son Lampang kaf ta yi da shi ba.

Kullum da safe mu masu zuhudu muna ratsa kasuwa a jere don karɓar sadaka, ba takalmi, ido a ƙasa. Ina wuce mai gasa ayaba, ina wuce rumfata ta taliya, ba damar in ɗaga kai. Ni da na fara da baro da kwano shida.

Romon taliyar da kika sa mini a kwanon sadaka jiya ba nawa ba ne. An hana mu kushe abincin sadaka, shi ya sa na rubuto. Tukunyar nan shekara goma sha tara ba a taɓa juye ta ba, ƙari ake yi a kan na jiya. Me kika yi mata?

Yayanki,
Bunlert

Luang Phi, kamar yadda ake kiran masu zuhudu,

Ina gaisuwa da hannu biyu a goshi, tunda yanzu har Inna durƙusa maka take yi.

Ba zan yi wa mai mayafi rawaya ƙarya ba. Ranar da aka aske maka kai duk muna haikali, tukunya ta kama. Na zubar, na kankare, na ɗora sabuwa yadda hannuna ya iya. Layi bai ragu ba. Tsoho Kamnuan mai gyaran keke cewa ya yi, “Ashe zuhudun yayanki har cikin romo ya shiga.”

Inna tana ta gaya wa maƙwabta wai ƙila ka zauna ke nan. Ta ce kan ka ya yi kyau da aski.

Da girmamawa,
Wanphen

Wanphen,

Na gaishe ku.

Shugaban haikali ya tambaye ni yau ko zan tuɓe mayafi in damina ta wuce. Na duba, ban ga abin da zan koma yi a rumfa ba.

Allon rumfa da ke da sunana, ki bar shi a rataye tukuna.

Bunlert