Wutsiyar Motata a Hanyar Shinkafi

Talata da dare, Kaura Namoda

Wutsiyar kwanon da muka ƙera wa motata ni da Sunday mai walda, wai don ta riƙa tsaga iska ta rage shan mai, yau ta nuna mini halinta. Muna cikin daji kafin Badarawa, inda ba direban da ke tsayawa, noti ya kwance, kwanon ya shiga dukan but, tas-tas-tas kamar harbi. Fasinjoji duk suka duƙe, sun ɗauka 'yan bindiga ne. Wata dattijuwa ta damƙi kafaɗata tana salati.

"Ɗana, taka ta, kar ka tsaya."

Ni na ɗaura notin nan da hannuna, na san ƙarar mece ce. Amma wallahi ni ma sai da na duƙa.