Idon Hermance da Ranar Zuba Tarko

Anse-Blanche, tsakiyar Satumba

Zuwa ga Yaya Ulysse,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da matarka Claudette kuna lafiya, ƙafarka kuma ta daina kumburi. Takarda na rubuto maka don ka san waya ba ta da amfani a wurina. Tun ina amarya nake tsaye kan injin jirgin ruwa, ƙararsa ta cinye min kunne, kai kuma in ka samu waya sai ka yi ta zuba kamar kana gaban 'yan ajinka na da. A takarda dole ka bari in kai ƙarshen maganata.

Idon dama ya warke. Ban san yanar nan ta rufe min duniya haka ba sai da aka cire ta. Ashe bangon kicin ɗina shuɗi ne, ni ina ta kiransa ruwan toka. Ɗan gilashin da aka dasa min a ciki, irin naka mai ganin nesa da kusa, yana aikinsa. Jiya na zura zare a allura ba tabarau. Noella, 'yar ƙanin marigayi mijina Cyriac wadda ke aiki da ni a jirgi, ta ce, "Inna, don Allah ki rage kallona, kin fara ƙirga min furfura." Na ce mata wannan furfurar ko makaho ya san da ita.

Amma akwai abin da ya hana ni sakewa. Shekaranjiya da asuba na gangara tasha in duba igiyoyin jirgi, sai na ga kowace fitila ta yi zobba, zobe cikin zobe, kamar an jefa dutse a ruwa. Koriyar fitilar bakin mashiga, wadda na sani kamar tafin hannuna, ta baje ta yi faɗin faranti. Fitila ɗaya zan iya jurewa. To ranar zuba tarko fa? Ko birni ya mantar da kai, ka tuna Litinin ɗin ƙarshen Nuwamba: kowane jirgi na garin nan ya yi lodin tarkunan lobsta, manyan jatan landen nan, har sama, kowa ya kunna fitilunsa, duk mu yi tururuwa a mashiga ɗaya cikin duhu, duwatsu hagu da dama. Wanda ya riga isa shi ke kama wuri mai kyau har ƙarshen kakar kamu.

Ka gaya min gaskiya, naka idon ya yi haka? A watan gobe za a tsayar da ranar yin na hagu, ina so in sani kafin in sake kwanciya musu.

Ka gaida Claudette, ka ce mata ta ƙara gishiri a râpure ɗinta, gashin dankalin nan nata, ba asibiti take dafa wa ba.

Ƙanwarka,
Hermance

*

Halifax, ƙarshen Satumba

Zuwa ga ƙanwata Hermance,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu takardarki, na kuma yi farin ciki ƙwarai da jin aikin ya yi kyau. Claudette ta amsa gaisuwa, ta ce gishirinta daidai yake, harshenki ne ruwan teku ya lalata.

Game da zobban da kike gani, ki kwantar da hankalinki. Ni ma na gan su. Yadda aka ƙera gilashin ke nan: yana raba haske kashi-kashi don mutum ya ga nesa ya ga kusa, shi ya sa fitila ke yin zobe cikin duhu. Bayan wasu watanni ƙwaƙwalwa takan saba. Ni yanzu ba na lura da su sai in na yi tuƙi bayan magariba, wannan kuwa na daɗe da bar wa Claudette. Shawarata ita ce ki bari a sa miki irinsa a na hagu, don idanu biyu su tafi tare.

Tunda kin kawo maganar Nuwamba, bari in faɗi abin da ke raina. Shekararki sittin da takwas. Cyriac ya rasu, kin riƙe masa jirginsa fiye da yadda kowa ya zata, babu wanda zai ce kin gaza. Ɗakunan da ke ƙasan namu sun zama babu kowa, akwai taga mai kallon ruwa, ɗakin karatu na unguwa kuma yana nan kusa. Yanzu da idonki ya buɗe, me zai hana ki zauna ki more shi?

Zan zo in kai ki wurin likita ranar dubawa, kamar yadda na yi a baya. Ba sai kin wahalar da kowa ba.

Allah ya ƙara lafiya.

Yayanki,
Ulysse Surette

*

Anse-Blanche, Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa, don Mama ta koya mana a yi gaisuwa ko da wanda ya taka ka ne.

Ban jira ka ba. Noella ce ta kai ni, kuma na gode Allah da na yi haka. Ita ba ta amsa tambaya a madadina, sai dai ta matso kusa da kunnena ta maimaita min da ƙarfi har na cikin ɗakin jira su ji.

Likita ta haska idon ta ce ya yi kyau. Na ce mata kyau kam ya yi, amma ta yaya zan gane koriyar fitila a cikin fitilun jirage in za mu fita da asuba? Sai ta ajiye abin da ke hannunta.

Ta ce, "Waɗanne jirage?"

Noella ta ce, "Na kamun lobsta mana. Ita ce kyaftin ɗinmu."

Likita ta ce, "Har yanzu? Cikin duhu kike fita?"

Na ce, "To lobsta jiran hantsi yake yi?"

Likitar nan fuskarta ta canja. Ta ce ranar da aka zaɓi gilashin ta tambayi irin rayuwar da nake yi, yayana ya ce bana na ajiye aiki, karatu da saƙa zan riƙa yi. Ta ce ta dube ni, ni kuma na gyaɗa kai. Na tuna ranar sarai. Kana ta magana, tana ta magana, ni ina kallon bakinku ina gyaɗa kai kamar yadda duk mai ciwon kunne yake yi in ya gaji da cewa "me?" Na ɗauka labarin naka idon kake ba ta.

Saƙa, Yaya? Ni? Safa ɗaya na taɓa saƙawa a duniya, Cyriac ya mai da ita tsumman goge mai.

Ta ba ni haƙuri, ta ce ni ya kamata ta tambaya har sai ta tabbatar na ji, kuma da ta san ina fita teku da duhu, da gilashi mai ganin nesa kaɗai za ta ba ni shawara, in riƙa sa tabarau wurin karatu. Wannan ba ya yin zobba irin haka. Ta ce ana iya ciro na daman a canja, amma aikin ya fi na farko haɗari. Ana kuma iya sa mai ganin nesa a na hagu. Sai dai ko wanne na zaɓa, ba wuri sai cikin Nuwamba, bayansa kuma makonni ba ɗaukar kaya, ba feshin ruwan gishiri a fuska. Ma'ana in zauna a gida ina jin ƙahon jirage suna fita.

Na ce ta rubuta ni a watan Yuni, in an rufe kaka. Mai ganin nesa, a na hagu. Na faɗa da bakina, Noella kuma shaida ce.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ka shiga cikin idona ka zaɓa min rayuwa ina zaune a gefenka. Ranar zuba tarko zan fita, da ido ɗaya mai zobba da ɗaya mai yana. Ɗakunan ƙasanku ka ba wa mai saƙa haya.

Ka gaida Claudette. Ita ba ta yi min komai ba.

Hermance

*

Halifax, farkon Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Hermance,

Bayan gaisuwa, na karanta takardarki har sau uku. Claudette ta karanta sau ɗaya, tun daga ranar kuma ni nake dafa wa kaina shayi.

Na faɗa wa likita haka, ba zan musa ba. Ban san zobban za su shiga tsakaninki da mashiga ba, wannan ban yi tunaninsa ba ko kaɗan. Abin da na zata shi ne in kika ga rubutu tangaran, kika ɗanɗana zama, za ki so shi. Amma in kina jiran in ce na yi nadamar son ki bar teku, za ki daɗe kina jira.

Ke kina cikin jirgi duk shekarun nan, ba ki san tsayuwa a tasha ba. Ni na sani. Ni na tsaya tare da Mama ranar da jirgin ƙaninmu Léandre ya kife a bakin mashigar nan, da lodin tarko a kansa, shi kuwa idonsa biyu garau. Tun daga lokacin, duk Litinin ɗin ƙarshen Nuwamba ba na iya cin abinci sai an ce min kin dawo. Mu biyu muka rage. In kika tafi, babu sauran wanda ya san ni tun ina yaro.

Ki ajiye ni gefe ma. Ran naki ne, kin nuna min. Amma ba ke kaɗai ba ce a jirgin. Noella tana da 'ya'ya uku, ƙaramar ba ta gama firamare ba. In kika nace sai kin riƙe sitiyari cikin duhu da idon nan, zan kira mijinta Firmin in gaya masa abin da likita ta ce. Ki kira ni duk sunan da kika ga dama.

Allah ya kiyaye ki, ko da kina fushi da ni.

Yayanki,
Ulysse

*

Anse-Blanche, tsakiyar Nuwamba

Yaya Ulysse,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya.

Kira Firmin mana. Ka kira shi da rana, don da safe yana tasha yana ɗaura min igiyoyin tarko. Ka ɗauka zan ɗauki matar mutum in fita da ita teku ban gaya masa halin idona ba? Tun ranar da muka dawo daga asibiti na zaunar da su a kicin na faɗa musu komai. Firmin ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, ni dai ki dawo min da ita, ban iya kitson yara ba." Noella ta ce, "Kai dai ka ce ba ka iya dafa komai ba sai ƙwai." Sannan ta dube ni ta ce duk abin da na yanke a kan ruwa ta yarda, don ban taɓa yi mata ƙarya a kan ruwa ba. Wannan maganar ta fi barazanarka nauyi a wuyana.

Kullum da asuba yanzu muna fita mu shiga mashigar mu dawo, jirgi ba kaya. Ina koyon inda tsakiyar zoben yake, don nan ne fitilar take. Ina samu. Amma mu kaɗai ne a ruwan, na san da bambanci.

Maganar Léandre kuma, kada ka ƙara gaya min ban san tsayuwa a tasha ba. Ni na wanke masa fuska da aka fito da shi. Kai ka tsani tekun tun daga ranar, ni kuma na ƙi yarda ya kore ni. Kowa da yadda ya yi makokinsa.

Kada ka zo ranar. In na hango ka tsaye da wannan doguwar rigar taka, hankalina zai rabu biyu.

Ki yi haƙuri da shi, Claudette, na san ke ma za ki karanta. Ki dafa masa shayinsa, ya tsufa.

Ƙanwarka,
Hermance

*

Anse-Blanche, Litinin da dare, ranar zuba tarko

Yaya,

Gaisuwa. Mun dawo lafiya, ka ci abinci.

Fadan cocinmu ya yayyafa wa jirage ruwan albarka, aka busa ƙaho, muka tashi. Ni na fitar da jirgin daga tasha. Da muka doshi mashiga jirage suka matso, zobba suka hau kan zobba, ruwan gaba ɗaya ya zama haske guda. Na nemi koriyar fitila na rasa. Na ce, "Noella, karɓi." Ta karɓa, ta wuce da mu tsakanin duwatsun lafiya lau. Ni ina tsaye a bayanta a cikin jirgina kamar fasinja, ina kuka, ta yi kamar ba ta gani ba.

Da gari ya waye na ce ta matsa, na karɓi abina. 'Ya'yan Doucet da jirginsu sun riga mu wurin da Cyriac ya saba zuba tarko, sai muka zuba gabas da su. Ba laifi.

Haka za mu yi kullum har Yuni. Kada ka yi murna, kuma kada ka ce ka faɗa. Babu wanda ya karɓe sitiyarin daga hannuna, ni na miƙa, a lokacin da ni na ga ya dace. Ka ƙwace min asuba, Yaya. Sauran yinin nawa ne, kuma gobe ma zan fita.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Kyaftin Hermance