Ƙwan Mai Kunnuwa

Litinin, 15 ga Nuwamba, 1943

Ruwa tun safe, taɓo har idon sawu. Hannuwana duk sun tsattsage da sodar wanki. Yau jirage ba su tashi ba, don haka kowa garin ƙwai ya ci, wannan abin mai kama da soso. Ƙwan gaske sai wanda ya je kai hari ya dawo, ɗaya tak. Ni mai soya shi na manta ɗanɗanonsa.

Alhamis, 18 ga Nuwamba

Za su tashi. Ba wanda ya faɗa, amma an kulle wayar tarhon sansani, kuma Kofur Dimmock ta kawo tiren ƙwai tana tafiya kamar mai ɗauke da jariri. Wajen shayi wannan wasan banzan ya tashi: in ba ka dawo ba, ƙwanka nawa ne. Kullum shi ke nan, kullum dariya. Na ƙi jininsa.

Akwai wani sajan mai bindigar wutsiyar jirgi, kunnuwa kamar hannun tukunya. Abokinsa Norrie, na wani jirgin, ya ce masa ƙwansa nasa ne, har suka tafa. Sai Mai Kunnuwa ya leƙo ta tagar rabon abinci: "Gimbiyar kasko, ajiye mini nawa, kar wannan kuren ya samu. A juya shi, bana son mai ruwa."

Na ce ba na ajiye wa kowa komai. Ban tambayi sunansa ba. Na daina tambayar suna tun bazara, nauyi ne kawai.

Juma'a, 19 ga Nuwamba

Ya dawo. Ya ci, ya ce gishiri ya yi yawa. Ji mini mutum.

Litinin, 22 ga Nuwamba

Berlin kuma, in ji masu gyaran inji. Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Mai Kunnuwa ya sake cewa in ajiye. Na ce ya je ya dami uwarsa. Ya ce tana nesa, can Wales, ni ce kusa.

Talata, 23 ga Nuwamba

Da gari ya waye suka fara shigowa, idanu jajur, shatin abin numfashi a fuska, warin mai da gumi.  Na yi ta fasa ƙwai ina juyawa. Norrie ya zauna yana fuskantar ƙofa, ƙwansa ya huce a faranti. Da aka daina shigowa, ba Mai Kunnuwa, tiren kuma bai ƙare ba.

Kofur ta ce a mayar da ragowar sito. Na mayar. Sai da na zo cire rigar aiki na ji abu a aljihu. Wallahi ban san lokacin da na sa shi ba.

Laraba, 24 ga Nuwamba

Yana cikin safata, a ƙasan akwati. In aka kama ni sata ce, ƙwan gwamnati, sai gaban ofisa. Wani lokacin suna sauka a wani filin can bakin teku, labari ya makara. Ya taɓa faruwa.

Asabar, 27 ga Nuwamba

Ba labari. An kwashe kayansa da na 'yan jirginsa daga ɗaki, an kawo sababbin yara, ko gemu babu. Kekensa na nan jingine bayan kicin, ruwa na dukan sirdin. Na gaji da ganinsa, kuma na hana a ɗauke.

Talata, 30 ga Nuwamba

Kofur Dimmock ta gani wajen duba akwatuna. Na tsaya jiran tsawa. Ta juya safar a hannu, ta mayar, ta ce a hankali, "Hilda, ƙwai ba ya jira. Kar ki bari ya ruɓe." Ta wuce akwati na gaba. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Norrie ya daina wasan. Yanzu sababbin ne ke yi, sun koya ba wanda ya koya musu.

Alhamis, 2 ga Disamba

Na sa shi a ruwa in ga ko ya lalace. Bai taso sama ba, amma ya fara ɗaga kai. Saura ƙiris.

Juma'a, 3 ga Disamba

Norrie ya dawo da safe. Na soya masa nasa, sannan na fasa na Mai Kunnuwa, na juya shi, na rage gishiri. Na kai da kaina, abin da ba na yi.

Ya dubi farantin ya dube ni. Na ce, "Naka ne. Kun tafa, a gabana."

Ya daɗe bai taɓa cokali ba. Na yi tsammanin zai ture. Sai ya ci, a hankali, ya share farantin da burodi tas. Ya ce sunan abokin nasa Gethin, ko na sani? Na ce ban sani ba. Ya ce a gidan su Gethin kaji ake kiwo, ƙwai bai dame shi ba ko kaɗan, don ya ja ni da magana ne kawai.

Na koma kicin na wanke kaskon da na riga na wanke. Baƙin ciki ya cika ni, da haushi, ban san na wa ba.

Juma'a dai, da yamma

Za su sake tashi. Norrie ya tsaya a taga, bai yi dariya ba, ya ce in ajiye masa nasa. Na ce ba na ajiye wa kowa komai, ya sani.

Tiren ya cika da yawa, shi ya sa na ɗauke ɗaya na sa bayan gwangwanin shayi. Shi mai ruwa yake so.