Zagaye na goma sha biyu na faifan Inna

Da sunan Allah Mai rahama. Daga yayarki Rabi'a a Jibiya zuwa ga ƙanwata Abu a Maraɗi, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da ɗiyanki. Mu nan sai godiya, gero ya yi kyau, sai dai gidan ya yi mini faɗi tun rasuwar Inna. Tun da Nasara suka kafa turakunsu na iyaka tsakaninmu, hanyar da muke bi da safe mu iso da la'asar ta koma sai da tambaya.

Abin da ya sa na rubuto, faifan da Inna ta fara saƙa miki ne. Ta yi niyyar zagaye goma sha biyu, ajali ya cim mata tana na bakwai. Ta bar mini wasiyya in ci gaba, amma na ƙarshe hannunki zai rufe shi. Kin san tsarinta: zagayen farko jan kaba biyar, kowane na gaba ta ƙara uku. To, kabar da ta rina da karan dafi saura kaɗan, na ji tsoron in cinye rabonki, sai na ce bari in fara ware naki. Maƙwabciyarmu Salmatu ta ce ai uku sau goma sha biyu ne a ɗora a kan biyar, arba'in da ɗaya ke nan, wai har lissafi zan yi wa faifai kamar rabon gado. Na ce mata amana ai gado ce. Kuma zagayen farko ba a ƙara masa komai ba. Mutum goma sha biyu in sun yi sahu, tsakani goma sha ɗaya ne. Uku sau goma sha ɗaya, talatin da uku, da biyar ɗin farko, talatin da takwas. Na ƙirga su, na ɗaure a tsumma.

Kalilu mai fataucin kanwa ya ce in na gama nawa zai kai miki ki ƙarasa a can. Na ce masa tukuna. Zumunta a ƙafa take, Abu. Ban ɓoye miki ba, ina jan saƙar da gangan, zagaye ɗaya a wata, ko Allah Ya sa ki zo mu zauna tabarma ɗaya ki rufe shi.

Ki gaida maigidanki Malam Ahmadu da Fatu da auta Lado. Ina kan zagaye na goma yanzu. Wassalam.