Wani Bahaushe a Bangon Falo

Abban Rumaisa, hasken idona, inuwata idan rana ta take, ruwan sanyin zuciyata! Kada ka karanta wannan a tsaye. Nemi wuri ka zauna, domin zumar yau da barkono na haɗa ta.

Ka tuna Asabar ɗin da ruwan sama ya tsare mu a rumfar mai shinkafar nasi lemak a unguwar Kampung Baru? Ka nuna min tsofaffin hotunan da kake bincike a kansu, na mutanen tsibirin Jawa lokacin mulkin Turawan Holan. Mata tsaye gefen tukunyar fure, bayansu labule mai zanen duwatsu, kafaɗa a waje, ido a bushe. A ƙasa an rubuta "mace 'yar Jawa", shi ke nan, kamar ba a taɓa raɗa musu suna ba. Ka ce zalunci ne. Wallahi a ranar sonka ya cika min ƙirji kamar kogi a tsakiyar damina.

To me ya same ka, farin watana? Jiya na leƙa baje kolin sashenku na jami'a a titin Jalan Semarak, sai ga 'yata a bango! Ka ɗaura mata zanen batik irin na matan Jawa, ka cire mata ɗankwali, ka tsayar da ita gefen tukunyar fure, wai don mutane su ga yadda ake yi a da. A ƙasa: "yarinya 'yar Afirka". Kai da ka yanka ragon sunanta da hannunka! Ka tambaye ta? Ka tambaye ni? Tun jiya ta ƙi haɗa ido da kowa.

Na ciro hoton, sannan na rama. Wanda na ɗauke ka da singileti, bakinka duk jan yaji, na kai an wanko shi ƙato. Yana falo, saitin kujerar da abokanka suke zama bayan Juma'a. Na rubuta masa "wani Bahaushe". Ba zai sauka ba sai ka ba Rumaisa haƙuri a gabana.

Ni taka ce har a rufe ni da ƙasa, ba na ganin kowa sai kai. Amma daga yau, a gidan nan, ba a ɗaukar hoton mutum sai ya yarda, ba a kafa shi sai da sunansa.

Taka har abada,
Halimatu